Sarkin wata shida da rigimar sa rana: yadda 'yan SCA ke tsara tarukansu

Duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon Turawan nan masu sulke da kwalkwali suna jibgar juna da sanduna a fili, ga tantuna reras ga tutoci na kaɗawa, zai ɗauka wasu marasa aikin yi ne kawai suka tashi da safe suka ce yau bari mu koma zamanin kakanni. To ba haka abin yake ba fa. Kafin mutum biyun nan su tsaya gaba da gaba akwai wata baiwar Allah da ta shafe watanni tana bin mai fili a waya, tana cike fom, tana rigima da ma'aji kan kuɗin hayar banɗaki, kuma ko sisi ba a biyanta. Wannan ɓangaren da ba ya fitowa a bidiyo shi nake so mu warware, don ni a ganina ya fi dambarwar sandunan ban mamaki.

Ƙungiyar da ta fi girma a wannan harka ita ce Society for Creative Anachronism, ana ce mata SCA a taƙaice. Ta samo asali ne ranar 1 ga Mayu 1966 a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka, inda wasu ɗalibai da abokansu suka shirya gasar takobi a filin da ke bayan wani gida, abin ya yi musu daɗi suka maimaita, zuwa 1968 sun yi rajista a hukumance a matsayin ƙungiyar ilimi mara neman riba. Abin da suke kwaikwayo shi ne rayuwar mutane kafin ƙarni na 17, tufafi da girki da yaƙi da kiɗa da rubutun hannu da ƙira da saƙa. Yawanci Turai suke kwaikwayo amma ƙofa a buɗe take, ko Kano ta zamanin Muhammadu Rumfa mutum ya zaɓa yana cikin ƙa'ida tunda Rumfa ya rasu a 1499. Har lissafin shekara nasu ne daban, sabuwar shekararsu 1 ga Mayu take kamawa suna ƙirgawa daga 1966, wato a Mayun 2025 suka shiga shekara ta 60.

Sun yanka duniya gida 20, kowane gida suna kiransa masarauta. West ita ce ta fari, East ta biyo a 1968, Middle a 1969, haka aka yi ta tsagewa har zuwa Avacal ta yammacin Kanada a 2015. Ƙarƙashin kowace masarauta akwai rassa manya da ƙanana, babban reshe mai baron, wato hakimi, sai ya tara mambobi 25 masu biyan kuɗin shekara, ƙaramin reshe kuwa mutum 5 ma sun isa. Kuma kowane reshe yana son ya shirya taronsa, ya ga baƙi sun cika masa fili, ya ɗan samu rarar kuɗi a asusu. To a nan gizo ke saƙar, don Asabar 52 ce kawai a shekara.

Ga tushen komai. Sarki a SCA ba gado yake yi ba, ba kuma zaɓe ba, da sanda yake cin sarauta. Ana shirya gasar kambi, mayaƙa su fafata da makaman da aka yi da sandar ratan, wata irin gora ce mara rami a ciki, wanda ya yi saura shi ne yarima mai jiran gado, shi da wadda ya yi faɗan dominta, ko ita da wanda ta yi dominsa don mata ma suna shiga kuma an samu waɗanda suka ci. Bayan 'yan watanni a naɗa su, su yi wata shida a kan karaga, kafin su sauka an riga an yi wata gasar an fitar da magada. West ce ma ta saba yin sarauta uku a shekara. Kaga kenan a yawancin masarautu tun kafin kowa ya buɗe baki an riga an cinye ƙarshen mako huɗu, gasar kambi biyu da naɗi biyu, kuma dokokin masarautu da yawa sun kare waɗannan ranakun, ba reshen da zai sa taro a kansu sai da izini na musamman. Ka ƙara da gasar gwanayen sana'o'in hannu ta masarauta, da gasar fitar da zakaran kibiya da na siririn takobi, da bikin dare na goma sha biyu bayan Kirsimeti da suke yi a Janairu.

Sai kuma manyan yaƙuƙuwa na tsakanin masarautu, waɗanda ko doka ba ta kare su ba babu mai hankalin da zai sa taronsa a kansu don kowa ya tafi can. Gulf Wars a watan Maris a kusa da Lumberton ta jihar Misisipi, Lilies War a Yuni a jihar Mizuri, Great Western War a Oktoba a Kalifoniya, uwa uba Pennsic a ƙarshen Yuli zuwa Agusta. Ba ranakun yaƙin kaɗai ke mutuwa ba, satin da ke gabansa kowa na ɗinkin kaya da gyaran sulke, satin da ke bayansa kowa ya dawo a gajiye aljihu ya bushe ga tanti jiƙe yana jiran shanya. Cire Kirsimeti da Ista da bikin godiya na Amurkawa a Nuwamba, cire watannin da ƙanƙara ke rufe hanya a arewa ko zafi ke hana sa sulke a irin su Arizona da Teksas, sai ka ga abin da ya rage wa ƙananan rassa bai taka kara ya karya ba, kuma kowa idonsa na kan makonnin nan masu daɗin iska na Afrilu da Mayu da Satumba da Oktoba.

Shi ya sa kowace masarauta ke da mai riƙe kalanda, mataimaki ne a ofishin senashal, wato jami'in da ke riƙe da harkar mulki da doka ta zahiri. Wannan mutumin ba ya sa kambi, ba a yi masa kirari, amma in bai shigar da ranarka ba to ba ka da taro. Ana tura masa fom ɗin neman rana da sa hannun senashal na reshe, ya duba ko akwai wanda ya riga ka. Ƙa'idar karo ta bambanta daga masarauta zuwa masarauta, wasu da nisan mil suke aunawa, wasu da awannin tuƙi, wasu sun yanka ƙasarsu shiyya shiyya suka ce taro biyu ba sa haɗuwa a shiyya ɗaya rana ɗaya sai wanda ya fara kama ranar ya yafe a rubuce. Wanda ya taɓa zama a sa ranar biki a babban gida ya san wannan lissafin, a kauce wa azumi, a kauce wa bikin 'yar baffa, a jira kawu ya dawo daga tafiya, don in aka haɗa rana dangi rabuwa za su yi kuma sai an shekara ana maganar. Akwai ma rigimar tarukan gargajiya, reshen da ya shekara ashirin yana taronsa a sati na biyu na wani wata yana ganin ranar tasa ce ko bai cike fom ba, sabon reshe kuma ya ce ai doka ta ce wanda ya riga. Ni dai a nan ina bayan doka, wanda yake ganin ranar gadonsa ce ya tura fom da wuri mana, me zai ɗauke shi.

Akwai wata ƙa'ida a kundin dokokinsu da ta sa duk wannan ya zama dole ba ganin dama ba. Duk wani abu mai ɗorewa, gasar kambi, naɗin sarki, ba da lambar girma, shelar sabuwar doka, ba ya halatta sai a taron da aka riga aka buga sanarwarsa da rana da lokaci da wuri a mujallar masarauta ta wata wata. Kowace masarauta da tata, ta East sunanta Pikestaff, ta Middle The Pale, ta Drachenwald Dragon's Tale. Da a takarda ake aikowa ta gidan waya, yanzu ta intanet ake saukewa, amma wa'adin miƙa sanarwa yana nan, wata ɗaya ko biyu kafin fitowar mujallar. In mai shirya taro ya sha'afa wa'adin ya wuce, taron zai iya gudana a ci a sha a yi faɗa, sai dai sarki ba zai iya ba kowa lamba a wurin ba. Hikimar a fili take, kar sarki ya tara abokansa a falonsa ranar Laraba ya raba muƙamai ya ce ai an yi zaman fada. Sanarwa a Facebook ba ta maye gurbin wannan, ko mutum dubu ne suka danna za su zo.

Shi kansa taron yana farawa ne da tayi. Wani mamba ya tashi a zaman wata na reshe ya ce ina so in shirya kaza, ga fili, ga rana, ga kasafi. Shi ne zai zama otokirat, wasu masarautun sun fi son ce masa wakilin taro, dole ya kasance katinsa na mamba bai ƙare ba har ranar taron, kuma a doka mataimakin senashal ne na wucin gadi. Kwamitin kuɗi zai zauna kan kasafin, tambayar da ba ta taɓa canzawa ita ce mutum nawa za su shigo ƙofa kafin a mayar da uwar kuɗi. In ka ce 150 alhali bara 90 aka samu sai su mayar maka da takardarka. Kwangilar fili kuwa senashal ne ke da hurumin sa hannu ko wanda ya wakilta, ba kowa ba. Tarukan masarauta irin naɗi su ma da tayi ake bayar da su, rassa su yi takara, wani lokaci kuma babu ma mai nema sai an bi ana lallashi don wahalarsu ta fi ribarsu.

Filin ma wani aiki ne. Ana neman wurin da zai yarda manya su doki juna da sanda, ya yarda a harba kibiya da isasshen fili a bayan abin bara, yana da kicin da zai ɗauki girkin mutum ɗari, ga wurin fakin, in da kwana a yarda a kafa tanti a hura wuta. Shi ya sa za ka ga yawanci a sansanin 'yan sikawut suke yi, ko filin baje kolin amfanin gona na ƙaramar hukuma, ko zauren coci, ko makaranta. Kowanne da sharaɗinsa, wani ya hana giya kwata kwata, wani ya hana kare, wani ya hana kyandir, kuma duk sai an rubuta a sanarwa. Irin waɗannan wuraren masu bikin aure ma suna nemansu a watanni iri ɗaya kuma sun fi su kuɗi, don haka sau da yawa mai fili ne ke zaɓa maka rana, kai kuma ka koma wurin mai kalanda kana addu'a kar a ce an riga ka. In mai filin ya ce sai an sa sunansa a takardar inshora, sai an nema daga hedikwatar ƙungiya aƙalla kwana 30 kafin taron, in ka makara akwai tara. In da dawaki a shirin, wannan inshorarsa daban.

Ranar taron kuma sabon lissafi. Da sassafe masu ƙofa sun kafa tebur, suna karɓar kuɗi, suna duba katin mamba, wanda ba mamba ba ya biya ɗan ƙari ya sa hannu a takardar cewa in ya ji ciwo ba ruwan kowa. A gefen fili mashal, wato jami'in da ke kula da lafiyar mayaƙa a filin faɗa, na duba sulke ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kwalkwali ya ga ko ratan zai iya kutsawa ta tsakanin ƙarafan fuska, ya duba maƙogwaro da gwiwa da gwiwar hannu da ƙoda, ya duba sandar ko ta tsage. Wani tebur ɗin na masu jera sunayen gasa ne, sai ka nuna katin da ke cewa an gwada ka an yarda ka iya faɗa ba tare da ka illata wani ba. Babu mashal mai izini, babu faɗa, magana ta ƙare. Shi ya sa otokirat mai wayo kafin ma ya nemi mai girki yake kama mashal ɗinsa, na sulke daban, na siririn takobi daban, na kibiya daban. Shirin yara shi ma da dokarsa, manya biyu waɗanda ba dangin juna ba dole su kasance a wurin, mai kula da shi kuma sai an binciki tarihinsa.

Inda aka fi samun matsala shi ne tsakanin zaman fada da walima. Da yamma sarki da sarauniya suna zama, mai shela ya yi ta kiran mutane ana ba su lambobi, ana karanta takardunsu, wani ya yi kuka wani ya yi jawabi. An rubuta awa ɗaya a jadawali, amma gasa ta makara da minti arba'in saboda mayaƙa sun fi yadda aka zata, sarki kuma ya zo da lambobi goma sha biyar, ga mai girki a kicin ta auna naman nan zai fito ƙarfe shida daidai, abinci kashi uku ko huɗu kowanne da lokacin fitarsa, an ɗauko girkin daga littattafan ƙarni na 14 da 15, an liƙa jerin kayan haɗi a bango saboda masu alaji. Fada ta zarce, nama ya bushe, miya ta huce. Su da kansu suna yi wa kansu dariya kan rashin cika lokaci. Masu gogewa sukan sa mutum ɗaya aikinsa kawai zirga zirga tsakanin mai shela da kicin yana kai rahoton saura mutum nawa, wasu kuma su raba fadar biyu, rabi da safe rabi da yamma. Na fi yarda da rabawar, don babu mai iya ce wa sarki ya gajarta a gaban jama'a.

Lambobin nan ma suna da tasu kalandar a ɓoye. Kowace lamba tana zuwa da takardar shaida da aka rubuta da hannu aka yi mata zayyana da fenti, wani lokaci har da ruwan zinare, aikin makonni ne kuma kyauta ake yi. Kenan sai sarki ya fitar da jerin tarukan da zai halarta tun farkon hawansa, jama'a su aiko da sunayen waɗanda suka cancanta, a bincika a asirce ko mutumin zai je taro kaza ba tare da ya gane ana shirya masa wani abu ba, sannan a ba marubuci aikin. Reshen da sunansa ya fito a jerin ziyarar sarki kuwa lissafinsa ya canza nan take, mutane za su ƙaru, sai an ware ɗakin hutawar sarakai, sai an nemi wurin kafa karaga.

Duk wannan ka ninka shi sau ɗari shi ne Pennsic. An fara shi a 1972 a matsayin yaƙi tsakanin East da Middle, tun 1977 kuma a sansanin Cooper's Lake ake yi kusa da Slippery Rock a jihar Pensilbeniya, arewa da Pittsburgh. Sati biyu ne, na farko na kafa sansani da hutawa, na biyu na yaƙi, kuma shekaru da dama mahalarta suna kaiwa 10,000 ko fiye. Yana da magajin gari da ake zaɓa tun da sauran lokaci mai tsawo, da ma'aikatan sa kai na tsaro da tsafta da sufuri, da kasuwa, da jami'a ta tantuna inda ake ba da ɗaruruwan darussa. Rabon fili a can ya dogara ne da rajistar wuri, kowane mutum da ya biya kafin wa'adi yana jawo wa ƙungiyarsa wani ƙayyadadden yanki na ƙasa, don haka tun bazara za ka ga wakilan sansani suna bin mutanensu kamar masu bin bashi, ku yi rajista kar a rage mana fili. A ranakun farko wakilan kowace unguwa su haɗu da taswira da igiyar awo su sasanta iyaka kafin a bar kowa ya kafa turke.

A wajen Amurka matsalar kan sauya kama. Drachenwald, wadda ta zama masarauta a 1993, ta haɗa Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, har da rassa a Afirka ta Kudu, to mai zuwa naɗi yana iya fitowa daga Finlan ya nufi Ayalan, sai an sanar da wuri don a samu tikitin jirgi mai sauƙi, ga jigilar sulke a akwati, ga hutun kowace ƙasa daban. Ladarsu dai suna samun ganuwa ta gaske, sun sha yin taro a tsohuwar fadar Raglan da ke Wales. Lochac kuwa, Ostareliya da Niyu Zilan, damina da rani a juye suke, babban taronsu Rowany Festival a wajejen hutun Ista yakan faɗo, Ista kuma kowace shekara da ranarta. A wajen SCA kuma, masu kwaikwayon wani takamaiman yaƙi su tarihi ya riga ya yanke musu, na Hastings a Ingila sai tsakiyar Oktoba saboda an gwabza ne 14 ga Oktoba 1066, na Grunwald a Polan sai tsakiyar Yuli saboda 15 ga Yuli 1410, su ba su da rigimar zaɓen rana, tasu rigimar ruwan sama ce.

Korona ce ta nuna yadda komai ke rataye da juna. Daga Maris 2020 aka dakatar da haɗuwa ido da ido, a Arewacin Amurka sai bayan ƙarshen Mayun 2021 aka fara buɗewa. Babu taro babu gasar kambi, babu gasa babu magaji, sai ga sarakunan da suka yi shirin wata shida sun zarce shekara a kan karaga, ana zaman fada ta bidiyo kowa da rigarsa ta ƙarni na 14 a gaban kwamfuta. Pennsic bai yiwu ba a 2020 da 2021, shi ya sa karo na 50 da ya kamata ya faɗo a 2021 sai a 2023 aka yi shi. Da aka dawo kuma sai da masarautu suka sake jera ranakun gasa da naɗi, rassa suka koma neman filaye, wasu wuraren sun ƙara kuɗi wasu sun rufe.

Bayan an watse ma aikin otokirat bai ƙare ba. Shi da 'yan tsirarun da suka rage ne masu share zaure da kwashe shara da tattara kofuna da mayafan da aka manta, mashal ya rubuta rahotonsa har da duk wanda ya ji rauni, ma'aji ya ƙirga kuɗin ƙofa tare da shaida a kai banki, a aika wa hedikwata kason waɗanda ba mambobi ba, a haɗa rasit a miƙa rahoton kuɗi, yawanci cikin kwana 30. In filin ya yi daɗi kuma mai shi bai yi ƙorafi ba, kafin a miƙa masa makulli ake tambayarsa ko wannan satin na baɗi a buɗe yake, don ran Litinin a tura wa mai kalanda fom.